Zaɓen tsohuwar ƙaramar mota don sauya mata inji

Sauya inji shi ne a sauke injin da mota ta zo da shi daga kamfani a ɗora mata wani daban, galibi wanda ya fi ƙarfi. Ana yawan yin wannan aiki da ƙananan motocin da aka ƙera daga shekarun 1970 zuwa na 1990, saboda ba su da nauyi kuma wayarin ɗinsu ba shi da sarƙaƙiya. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, ba ta kai tan ɗaya ba, don haka ƙarin ƙarfi ko kaɗan ne sai an ji shi a tuƙi.

Bodi ake fara dubawa, tunda injin da ke ciki fita zai yi. Tsatsa ce babbar matsala. Takan ɓuya a ƙasan ƙofofi, da daɓen da ke ƙarƙashin kafet, da mazaunin shokazoba, da dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da inji. Gogaggen bakanike yakan ɗaga kafet ya danna ƙarfen da sukudireba, in ya lotsa ko ya ruɓuɓɓushe, magana ta ƙare. Yakan kuma bi jikin motar da maganaɗisu, domin inda aka cike rami da foti aka shafe da fenti ba ya kamawa. Motar da injinta ya buga amma jikinta garau ta fi dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba a kan wadda ke tashi lafiya alhali ƙasanta ya ruɓe, domin walda da gyaran firam kan cinye kuɗin da aka ware wa injin.

Sai yadda injin ke zaune. A Volkswagen Golf da Honda Civic yana kwance ne a gicciye, yana jan tayoyin gaba, kuma wurin a matse yake. A Toyota Corolla AE86 (1983 zuwa 1987) da BMW E30 da Datsun 510 kuwa yana miƙe daga gaba zuwa baya, ƙarfin na tafiya tayoyin baya. Irin waɗannan sun fi karɓar baƙon inji, har da babban inji mai silinda takwas, wato V8, na jerin LS da General Motors ta fara fitarwa a 1997. Mayar da mai jan gaba ta koma jan baya aiki ne na yanke daɓe da sake gini, bai kamata wanda ke farawa ya tunkare shi ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya cikin gida ɗaya, wato motar da sabon injin su zama na kamfani ɗaya. Civic ta 1992 zuwa 2000 ta yi suna ne saboda injunan Honda na jerin B suna zama a cikinta ba tare da wahala sosai ba, na jerin K kuma ana sayar da kujerun injinsu da wayarin a shirye. Haka samfurin Golf na biyu yake da injunan Volkswagen na VR6 da 1.8T. Motar da mutane da yawa suka riga suka yi wa aikin, an san inda salansa ke gogar sitiyari da irin giyabos da ke shiga.

Sabon inji yana zuwa da kwamfutarsa, wani lokaci da na'urar da ke hana shi tashi in ba da makullinsa na asali ba, shi ya sa ake son a sayo shi haɗe da kwamfutar da wayarin da makullin. Birki da lagireto da kuloci da famfon mai su ma sai an ƙara musu ƙarfi.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma gara a san ta kafin a sayi motar. A jihar Kalifoniya ta Amurka dole injin ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, da kayan tace hayaƙinsa cif. A Birtaniya ana sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA sabuwar lambar injin da girmansa, a Jamus kuma sai masu binciken motoci irin su TÜV sun duba aikin an shigar da shi cikin takardun motar.