Ruwan ƙazantar ƙaramin gari da kogin da ke ƙasa da shi

Tambaya: Ai kogi yana wanke kansa. Me zai sa ƙaramin gari ya ɗora wa kansa aikin tace ruwan ƙazanta?

Amsa: Yana wankewa, amma da iyaka. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne ke cinye najasar da ta shiga kogi, kuma suna cinta ne da iskar oksijin da ke narke cikin ruwan. Ruwa mai zafin digiri 20 ba ya riƙe abin da ya wuce miligiram 9 na oksijin a lita, idan kuwa zafin ya kai digiri 30 sai ya sauka zuwa wajen 7.5. Shi kuwa ɗanyen ruwan ƙazantar gidaje yakan nemi miligiram 200 zuwa 400 a kowace lita cikin kwana biyar, awon da ma'aikata ke kira BOD. Ke nan lita guda tana iya ƙarar da iskar lita ashirin ko fiye ta ruwan kogi. Yawancin kifaye sukan fara galabaita da zarar oksijin ya yi ƙasa da miligiram 5.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba a bakin bututu ɓarnar take bayyana ba. Sai can gaba, bayan 'yan kilomitoci, za a tarar da matattun kifaye sun taso, ruwan ya yi baƙi yana wari. Wasu masu bincike biyu, Streeter da Phelps, su ne suka fara lissafa wannan faɗuwar iska a kogin Ohio na Amurka a 1925. Ta fi tsanani da rani, lokacin da kogi ya janye amma ƙazantar garin ba ta ragu ba.

Tambaya: Wane tsari ya dace da gari mai ƙaramin ƙarfi?

Amsa: Tsarin hura iska cikin tankuna, wanda aka ƙirƙiro a Manchester ta Ingila a 1914, yana aiki sosai, amma yana son lantarki dare da rana da ƙwararren ma'aikaci. Inda akwai fili, tafkunan tacewa sun fi kwanciyar hankali.

Ruwan yana fara bi ta rariyar ƙarfe mai tare leda da tsummoki, sannan ta kwatar da yashi ke kwantawa. Daga nan sai tafki na farko, mai zurfin mita 2 zuwa 5, inda babu iska: dagwalo ya kwanta a ƙasa yana ruɓewa, kuma a wuri mai zafi wannan kaɗai yakan rage fiye da rabin BOD cikin 'yan kwanaki. Na biyu zurfinsa bai wuce mita 2 ba, domin rana ta ratsa shi gansakuka ta samar da oksijin. Na ƙarshe, masu zurfin mita ɗaya ko ɗaya da rabi, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta.

Tambaya: Me ya fi lalata tafkunan?

Amsa: Rashin yashewa. Idan dagwalo ya cike sulusin tafkin farko ba a kwashe ba, ruwan ba ya samun lokacin zama, sai ya wuce ɗanye. Launi ma yana ba da labari: tafki na biyu mai lafiya kore ne shar, idan ya koma toka-toka ko ja-ja yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ciyawar bakin tafki kuma, in an bar ta, sauro ke samun mafaka.

Tambaya: Za a iya ban ruwa da abin da ya fito?

Amsa: Ana yi, kuma yana rage wa kogi sinadaran naitirojin da fosfaras masu haddasa yawan gansakuka. Tsohuwar ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ga kayan lambun da ake ci ɗanye ita ce kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita, ƙwayoyin bakteriya na bayan gida kuma kada su wuce 1,000 a mililita 100. Sai an auna a ɗakin gwaji, domin ido ba ya ganinsu.