Sozin's Comet

Sozin's Comet shi ne kashin ƙarshe na shirin katun ɗin Amurka Avatar: The Last Airbender, wanda Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko suka ƙirƙira. Tashar Nickelodeon ta haska shi ranar 19 ga Yuli, 2008, kashi huɗu a jere kamar fim guda, wato kashi na 58 zuwa na 61. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 5.6 ne suka kalla a daren.

Labari

Sunan ya samo asali ne daga wata tauraruwa mai wutsiya da ke giftawa sau ɗaya a shekara ɗari, tana ninka ƙarfin masu baiwar sarrafa wuta (a duniyar shirin, wasu mutane na da baiwar sarrafa wuta, ruwa, ƙasa ko iska). Da ita Sarki Sozin na Ƙasar Wuta ya shafe al'ummar masu sarrafa iska, ya kunna yaƙin shekara ɗari. Da ta sake zagayowa, jikansa Ozai ya ɗaura niyyar ƙone Masarautar Ƙasa, ta masu sarrafa ƙasa, daga jiragen sama.

Abin da ya fi cin wuri a labarin shi ne damuwar Aang, jarumin shirin, wanda shi ne Avatar, wato mai iya sarrafa iska, ruwa, ƙasa da wuta duka. Sufayen da suka rene shi sun koya masa kada ya ɗauki rai, amma kowa na ce masa sai ya kashe Ozai. Ya nemi shawarar ruhohin Avatar huɗu da suka gabace shi, Roku, Kyoshi, Kuruk da Yangchen, babu wanda ya ba shi amsar da yake so. Daga baya ya gane tsibirin da yake zaune a kai bayan wani ƙaton kunkuru ne mai kan zaki, kuma shi ya nuna masa yadda ake zare wa mutum baiwarsa ta sarrafawa. Haka ya yi wa Ozai, ya bar shi da rai.

A fadar Ƙasar Wuta kuwa, Zuko, ɗan Ozai da ya koma ɓangaren Aang, ya kara da ƙanwarsa Azula, jan wuta da shuɗiya suna haɗuwa a tsakar fili. Azula ta auna Katara, abokiyar Aang mai sarrafa ruwa, da walƙiya, Zuko ya tare da jikinsa. Katara ce ta ƙarasa, ta daskarar da Azula cikin ruwa ta ɗaure ta da sarƙa.

Shiryawa

Ethan Spaulding, Giancarlo Volpe da Joaquim Dos Santos ne suka ba da umarni. Mark Hamill ya yi muryar Ozai.

Ra'ayin masu sharhi

Galibin masu sharhi sun yaba, musamman zanen faɗace-faɗacen da kiɗan Jeremy Zuckerman. An fi ambaton karon Zuko da Azula, inda aka ɗora kiɗa mai sanyi na baƙin ciki a kan faɗan wa da ƙanwa. Dos Santos ya samu lambar yabo ta Annie, wadda ake bai wa masu shirya katun, a 2009 kan kashi na uku cikin huɗun.

Kunkurun ne ya raba kawuna. Wasu sun ce marubutan sun sauko da mafita daga sama ne don su kuɓutar da Aang, wasu suka ce hakan ya dace da halinsa tun farko. An kuma yi ƙorafin barin maganar ɓacewar mahaifiyar Zuko a buɗe, sai a littafin zane The Search na 2013 aka warware ta.