Haya a Filin Haikali a Tamil Nadu: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

A jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, haikalai, wato wuraren bautar Hindu, suna da filaye kusan eka 478,000, da dubban gidaje da shaguna da ake bayarwa haya. Rigimar tashi ba ta ƙarewa, kuma tambayoyin 'yan haya ba sa canjawa. Ga amsoshin, a karanta kafin a sake tambaya.

Wane ne mai gidan nawa?

Abin bautar da ke cikin haikalin. Dokar Indiya tana ɗaukarsa a matsayin wanda zai iya mallakar dukiya, kuma kotu tana kare dukiyarsa kamar ta ƙaramin yaro. Amintattu da jami'in gudanarwa masu riƙo ne kawai, kamar mai kula da wakafi. Ma'aikatar jiha mai kula da wakafin Hindu ce ke sa ido a kansu, bisa dokar 1959.

Shekara 60 muna nan tun zamanin kakana. Bai zama namu ba?

Bai zama ba. Sashe na 109 na dokar 1959 ɗin ya ce wa'adin shigar da ƙara ba ya aiki idan haikali na neman filinsa. Ko shekara 100 ce, daɗewa ba ta ba ka mallaka.

Dokar kare 'yan haya fa?

Tun 1976 gwamnatin jihar ta cire gine-ginen wakafin addini, na Hindu da Kirista da Musulmi, daga tsohuwar dokar ƙayyade haya ta 1960, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan. Ku daina kwatanta kanku da maƙwabcin da ke haya a gidan ɗan kasuwa. Hukuncinku daban.

Amintaccen haikali ya sa mini hannu a hayar shekara 30. Ai na tsira?

Ina amincewar Kwamishina, wato shugaban ma'aikatar wakafin Hindu? Sashe na 34 na dokar 1959 ya ce duk hayar da ta wuce shekara 5, da sayarwa, da musaya, da jingina, ɓatattu ne idan babu izininsa. Takarda ba tare da wannan izini ba, ba za ta tsaya maka a gaban kotu ba.

An ninka mini kuɗin haya, an kuma lissafo mini bashin shekarun baya. In biya, ko in kai ƙara?

Wannan ce tambayar da ke buƙatar natsuwa, domin nan ne mutane suka fi rasa wurinsu.

Sashe na 34-A, wanda aka ƙara a 2003, ya ba wani kwamiti ikon yanke haya: Kwamishinan shiyya, da jami'in gudanarwa ko amintaccen haikalin, da magatakardan rajista na gunduma. Suna duba farashin haya a kasuwar unguwar, kuma ana sake bitar kuɗin duk bayan shekara 3. Idan ba ka yarda ba, kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara gaban Kwamishina, daga nan kuma kwana 90 ka kai Babbar Kotun Madras, wato babbar kotun jihar. Amma ga ƙullin: ba a karɓar ƙorafinka sai ka haɗa da shaidar cewa ka zuba sabon kuɗin a asusun haikalin. Wato ka biya tukuna, sannan ka yi gardama.

To, ko za ka ci nasara? Ya danganta. Idan ba a ba ka notis ba kafin a yanke kuɗin, ko ba a nuna maka yadda aka yi lissafin ba, kana da ƙafar tsayawa, domin kotun ta sha soke irin wannan ƙarin ta ce a sake. Sai dai sokewar ba ta nufin za ka koma tsohon farashi har abada. Kwamitin zai sake zama, kuma yana iya fitowa da adadi kusa da na farko. Batun bashin baya ya fi sarƙaƙiya. Akwai hukunce-hukuncen da suka ƙi yarda a mayar da sabon farashi baya, amma idan takardu sun nuna an sanar da kai ƙarin tun lokacin kai ne ka yi biris, wannan hujjar ta yi rauni. Abin da ya fi dacewa ka duba shi ne lissafin kansa: faɗin wurin da aka auna daidai ne? An sa ka a layin shago alhali gidan zama ne? Fili kaɗai ka karɓa amma an lissafa da ginin da kai ka yi? Kuskure irin wannan ya fi kukan talauci amfani a gaban Kwamishina.

Abin da ba shi da shakka guda ne: kada ka dakatar da biya don fushi. Sashe na 34-B ya ba haikali damar soke hayarka saboda rashin biya, bayan an saurare ka. Da zarar an soke, ka tashi daga ɗan haya ka koma ɗan kama-wuri-zauna. Ka biya ta hanyar da za ta bar shaida, ka rubuta cewa ka biya ne ba don ka amince ba, ka ajiye kowane rasit.

Da kuɗina na yi ginin. Za su ƙwace?

Idan an soke haya, gini da itatuwa suna komawa hannun haikali. Ana biyan diyya, amma ga abin da aka gina bisa yarjejeniya ko da izinin Kwamishina kawai. Benen da ka ɗora a ɓoye, ka yi asararsa. Haƙƙin tilasta wa mai fili ya sayar maka, wanda wata dokar kare 'yan haya ta 1921 ta bayar, an cire shi daga filayen addini a shekarun 1990, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 2005 a shari'ar kulob ɗin Mylapore.

Na sayi shagon daga tsohon ɗan haya, ina biya da sunansa.

Me ya sa kuka yi haka? Ya sayar maka da abin da ba nasa ba. Rasit ɗin da ke hannunka shaida ce gare shi, ba gare ka ba. Ka nemi a mayar da hayar sunanka a rubuce, ka kuma sani ba dole ne a amince ba. Magada ma haka: in mahaifi ya rasu, a gaggauta neman canjin suna.

Notis na sashe na 78 ya iso. Gobe za a watsar da kayana?

Kwantar da hankalinka, ba gobe ba ne. Notis ɗin gayyata ce ka bayyana gaban Kwamishinan shiyya ka faɗi dalilin da ba za a tashe ka ba. Ka je da lauya, da yarjejeniya, da rasit. Sai bayan ya yanke hukunci, wa'adin da ya bayar ya cika ba ka fita ba, ake zuwa da 'yan sanda bisa sashe na 79. Wanda ya ƙi halarta, a bayan idonsa za a yanke.

In kai ƙara cewa filin ba na haikalin ba ne?

Idan da sunan haya ka shiga, doka ta rufe maka wannan ƙofar. Wanda bai taɓa zama ɗan haya ba ne kaɗai ke da ita, shi ma cikin wata 6 daga ranar da hukuncin ya iso hannunsa.