Waiwaye: Wa Ke Jin Kukan Yaron da Aka Ba Riƙo a Kaduna?

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kai samame wani gidan mari a Rigasa, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara. Wasu da sasari a ƙafa, wasu bayansu duk shatar bulala. Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai na Mando, iyaye suka yi ta tururuwa suna neman nasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan a tsakiyar unguwa yake, kuma yawancin waɗanda ke ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, don a gyara musu tarbiyya. Sai da wani ya tsegunta wa 'yan sanda aka san halin da suke ciki.

Da can, idan yaron riƙo ya sha wuya, yana da inda zai ruga. Akwai gwaggo, akwai kawu, in abu ya ci tura a je gaban mai unguwa. Tsarin yana da nasa giɓin, don sau da yawa "a yi haƙuri, a rufa asiri" ke kashe magana, amma dai yaron ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da Turawa suka kawo dokar yara da matasa a 1943, wadda Jihar Arewa ta yi tata a 1958, hankalinta ya fi karkata ga yaron da ya yi laifi: ina za a ajiye shi, wa zai hore shi. Gidan horon matasa na Kakuri daga wannan tunanin ya fito.

Abin mamaki, Kaduna ce ta riga kowa buɗe ofishin karɓar koke-koken jama'a a ƙasar nan, a 1974, lokacin tana Jihar Arewa ta Tsakiya ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari. Shekara guda bayan haka gwamnatin Murtala ta kafa hukumar koke-koke ta tarayya, aka ba Yusuf Maitama Sule ragamarta. Sai dai dokar hukumar ta ce ba ta sauraron ƙorafin da ya wuce wata 12, kuma sai mai ƙorafi ya gama bin sauran hanyoyin da ke gabansa. Wannan ya dace da ma'aikacin da aka riƙe wa fansho. Yaro ɗan shekara tara da ke kwana a gidan marayu, wanda ko takarda bai iya rubutawa ba, ta ina zai fara?

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a 1995, sannan Obasanjo ya sa hannu a dokar haƙƙin yara a 2003. Da yake lamarin yara na jihohi ne, dokar a Abuja kaɗai ta fara aiki. A Arewa ta daɗe tana jan ƙafa saboda taƙaddama kan shekarun aure da batun ɗaukar ɗa. Kaduna sai a 2018 ta yi tata, zamanin Nasiru El-Rufa'i, wato shekara 15 ke nan. Wata 19 ko makamancin haka bayan nan aka buɗe ƙofar gidan Rigasa.

A nan ne gizo ke saƙar. Ma'aikatar da ke kula da jin daɗin jama'a ita ke yi wa gidajen marayu rajista, ita ke tafiyar da na gwamnati, ita ce kuma ake kai wa ƙara idan an samu matsala. Ba ina cewa jami'an walwala ba sa aiki ba ne. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke hawa Keke Napep su bi sawun yaron da aka tsinta a tasha. Amma mutum ba ya zama alƙalin kansa. Ƙasar Norway tun 1981 ta naɗa jami'i na musamman mai zaman kansa, aikinsa kawai sauraron yara da sa ido kan hukumomin da ke riƙe da su, ƙasashe da dama kuma suka bi sahu.

Bayan Rigasa an rufe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da wasu garuruwa cikin 'yan makonni. Iyayen da shaye-shaye ya lalata wa 'ya'ya kuwa har gobe suna tambayar maƙwabta ko akwai malamin da ke karɓa.