Kofi

Kofi suna ne na namiji a wajen al'ummar Akan ta Gana da Kodibuwa, ana ba yaron da aka haifa ranar Juma'a, wadda ake kira Fida ko Efiada a harshen Twi. Idan mace ce sai a ce Afua, Afia ko Efua, gwargwadon karin harshen yankin. Bahaushe ba zai ji baƙon abu ba, tunda Ɗanjuma da Jummai ma haka suka samo sunansu.

Sai dai a wajen Akan abin ya wuce laƙabi. Suna kiran irin wannan suna kradin, wato sunan kurwa, domin sun yi imani cewa kurwar mutum, kra, tana zuwa duniya ne ta ƙofar wata rana, kuma halin ranar yana bin ta. Shi ya sa jariri kan samu sunan ranarsa tun daga haihuwa, kafin bikin suna na rana ta takwas inda ake raɗa masa sunan wani dattijo na dangi. Ɗan Juma'a kirarinsa Okyin, mai yawo, wanda ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya.

Juma'a tana da daraja ta musamman a masarautar Asante. Kujerar zinariya, wadda suka ɗauka a matsayin mazaunin kurwar al'ummarsu, sunanta Sika Dwa Kofi, saboda labarin baka ya ce ranar Juma'a boka Okomfo Anokye ya sauko da ita daga sama ga sarki Osei Tutu. Kujera ma da sunan ranarta.

Wanda ya fi fito da sunan a idon duniya shi ne Kofi Atta Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006. An haife shi a Kumasi ranar Juma'a 8 ga Afrilu 1938. Atta na nufin tagwaye, 'yar'uwar tagwaitakarsa kuwa Efua Atta. Akwai kuma Kofi Abrefa Busia, firaministan Gana daga 1969 zuwa 1972.

Fataucin bayi ya ƙetarar da sunan teku, ya koma Cuffy ko Cuffee. Cuffy ne ya jagoranci tawayen bayi na Berbice, wani yanki a ƙasar Guyana ta yau a Kudancin Amurka, a 1763, kuma Guyana tana girmama shi a matsayin gwarzon ƙasa. Su kuwa Baule, wani reshen Akan a Kodibuwa, lissafinsu ya goce da kwana ɗaya: Koffi nasu ɗan Asabar ne, ɗan Juma'a kuma Yao.