Nawa Ake Kashewa Idan Ƙasa ta Rufe Tashoshin Nukiliyarta?

Mazaunin Kaduna da ke kwana yana jiran a kawo wuta zai yi mamakin jin cewa ƙasa ta kashe tashar lantarki mai lafiya da hannunta. Jamus ta yi hakan, kuma har yau ana biyan kuɗinsa.

Yaya abin ya faru?

Gwamnatin Gerhard Schröder ta kafa dokar rufe tashoshin nukiliya a 2002. Angela Merkel, wadda ta gaje shi a shugabancin gwamnati, ta tsawaita wa'adin tashoshin a 2010, sai hatsarin Fukushima na Japan ya auku a Maris 2011, ta janye, aka kashe tukwanen nukiliya (injinan da ke samar da zafin da ake yin lantarki da shi) 8 cikin 17. Uku na ƙarshe, Isar 2 da Emsland da Neckarwestheim 2, an kashe su ranar 15 ga Afrilu 2023.

Wa ya biya asarar kamfanoni?

Mai biyan haraji. Kamfanonin sun zuba jari bisa alƙawarin 2010, watanni kaɗan aka karya shi, suka garzaya kotu. Kotun tsarin mulki ta yanke a 2016 cewa sun cancanci diyya, aka daidaita a 2021 kan kusan Yuro biliyan 2.4, fiye da rabinsa na kamfanin lantarki na Vattenfall. A 2017 kuma kotun ta soke harajin makamashin nukiliya, gwamnati ta mayar da sama da Yuro biliyan 6. A ganinmu babbar ɓarnar tana nan: magana biyu da hukuma ta yi cikin shekara guda ita ta buɗe ƙofar shari'a.

Da an kashe tukunya an huta ke nan?

A'a. Makamashin da aka cire yana ci gaba da fitar da zafi, dole ya shekara da shekaru a tafkin ruwa kafin a zuba shi a gangunan ƙarfe. Sai wanke bututu, yanka ƙarfe da kankare, a auna kowane gutsure. Duk tsawon lokacin ana biyan injiniyoyi da masu gadi, ba a sayar da wuta ko ta sisi. Rushe tashar Greifswald da aka fara a 1995 bai ƙare ba. Don adana sharar nukiliya kaɗai, kamfanoni sun zuba kusan Yuro biliyan 24 a asusun gwamnati a 2017, alhali ba a zaɓi wurin binne ta na dindindin ba.

A siyasa fa?

Janyewar Merkel ba ta hana jam'iyyarta CDU rasa jihar Baden-Württemberg ba a Maris 2011, bayan shekara 58 tana mulki. Da iskar gas ta Rasha ta yanke a 2022, abokan ƙawancen Olaf Scholz, shugaban gwamnati na lokacin, suka kaure da gardama kan tsawaita aikin tukwane ukun ƙarshe har sai da ya tsawatar da kansa. Beljiyam kuwa ta ƙara wa tukwane biyu shekara 10, zuwa 2035.

Ya shafe mu?

Najeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya. Abin da ke akwai ƙaramar tukunyar bincike ce mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da ta fara aiki a 2004. Duk ranar da aka kawo yarjejeniyar gina babba, a fara duba shafin da ya faɗi wanda zai biya kuɗin rushewa da na shara.