Waiwaye: Yadda aka koma gwada jini da fitsari don gano cututtukan jima'i

A 1495, bayan sojojin Sarki Charles na Takwas na Faransa sun mamaye birnin Naples, wata cuta mai fitar da gyambo ta fantsama a Turai. Tunjere ce. Likitocin wancan zamani ba su da abin bincike sai idonsu, shi ya sa aka shafe kusan shekara 300 ana ɗaukar tunjere da ciwon sanyi a matsayin cuta ɗaya mai fuska biyu. Shahararren likitan fiɗa ɗan Scotland mai aiki a Landan, John Hunter, ya ƙara wa kuskuren ƙarfi a 1767, da ya yi gwajin sanya mugunyar wani mai ciwon sanyi a jikin mutum ya ga tunjere ta fito. Ashe mai mugunyar duka biyun yake ɗauke da su. Sai a 1838 Philippe Ricord na birnin Paris ya raba su.

Daga nan aka fara ganin ƙwayoyin cutar da kansu. Albert Neisser ya gano ta ciwon sanyi a 1879, Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gano ta tunjere a Jamus a 1905. Shekara ɗaya bayan haka August von Wassermann ya fito da gwajin jini na tunjere, kuma a ganina nan ne labarin ya juya. Tunjere cuta ce mai wayo. Ƙurjinta na farko ba ya ciwo, yana warkewa da kansa cikin 'yan makonni, mutum ya ɗauka ya rabu da ita. Ita kuwa tana nan kwance, sai bayan shekaru ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, ko ta ratsa zuwa jaririn da ke ciki. Gwajin jini ya ba likita damar gano cutar a jikin wanda yake ganin lafiyarsa ƙalau. Yana da nasa rauni, domin zazzaɓin cizon sauro ko kuturta kan sa ya nuna cutar da babu ita. Har yau ana so a tabbatar da sakamakon tunjere da gwaji na biyu.

Akwai babin da bai kamata a tsallake ba. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta Amurka ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu tunjere a Tuskegee ta jihar Alabama, ana ɗibar jininsu ba a yi musu magani, alhali tun 1943 an san penisilin na warkar da cutar. Wannan zalunci ya cusa wa mutane da yawa shakkar masu gwaji, kuma ba a ga laifinsu ba.

Ƙanjamau ta sake tayar da maganar. An fara ba da rahotonta a Amurka a 1981, aka gano ƙwayar cutar a Cibiyar Pasteur ta Paris a 1983, gwajin jini ya fito a 1985. A lokacin babu magani mai ƙarfi, sai mutane suka riƙa cewa me amfanin sani? Haɗin magungunan da ya zo a 1996 ya rushe wannan hujja. Yanzu ɗigon jini daga yatsa ya isa a ga sakamako cikin kusan minti 20, sai dai irin wannan gwaji na iya ɗaukar har wata uku bayan kamuwa kafin ya nuna.

Klamidiya kuwa, wata cutar jima'i ce da yawancin masu ita ba sa jin komai, amma tana iya toshe hanyar ƙwan mace ta jawo rashin haihuwa. Gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar a fitsari, wanda ya yaɗu a shekarun 1990, shi ya sauƙaƙa kama ta.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu miliyoyin mutane suna inda aka baro a zamanin Hunter. Inda babu ɗakin gwaji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi magani bisa alamomi, kamar fitar ruwa ko ƙurji. Hanyar na aiki sosai ga namiji mai fitar mugunya. Ga mace kuwa tana yawan kuskure: a ba wadda ba ta da cutar magani, wadda ke da ita ba alama ta wuce ba a sani ba. Shan magani barkatai ya taimaka wa ƙwayar ciwon sanyi ta bijire wa penisilin, tetracycline da ciprofloxacin, yanzu an jingina da allurar ceftriaxone, ita ma an fara samun inda take gazawa.

Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa miliyan 374 da tunjere, ciwon sanyi, klamidiya da trikomonas, dukansu masu warkewa. A 2019 ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu juna biyu gwajin yatsa guda ɗaya mai nuna ƙanjamau da tunjere tare. Idan aka gano tunjere da wuri, allurar penisilin na kare jaririn, amma sai an yi wa mijin magani shi ma, in ba haka ba cutar za ta dawo.